A Riƙa Sanar Da Mu Kafin Ruwa Ya Iso

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da ambaliyar ruwa.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa tireda. A daminar 2022 ruwa ya cinye mini shinkafa a fadama, sannan ya biyo ni har rumfa ya jiƙa mini buhunan sukari da gishiri. Wanda ya san gishiri ya san ba a shanya shi. A shekarar nan sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan. Ga kuma 'yan'uwanmu na Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle musu cikin dare a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga har Kasuwar Monday.

Abin da ya ɗaure mini kai, ashe kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. To, ina amfanin bayanin da ya tsaya a takarda? Mu nan Haɗeja ruwanmu daga Tiga da Challawa yake gangarowa, kuma ba a yini ɗaya yake isowa ba. Ko kwana biyu aka ba mu, wallahi sun isa mutum ya kwashe hatsi da awaki, a cika buhunan yashi a ƙarfafa jinga.

Ina kira ga mahukunta da a riƙa faɗa da Hausa a rediyo, a ba limamai da masu unguwanni, mai shela ya zaga ranar kasuwa. Kada a tsaya ga “a yi hattara” kawai. A ambaci unguwa da sunanta, a faɗi makarantar da za a fake.

Wasu za su ce gaibu sai Allah. Haka ne, amma mai ganin hadari ya kwashe shanya ai bai yi saɓo ba. Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin, don ledar da ta toshe kwatar bakin rumfunanmu ba gwamnati ce ta zuba ta ba.



Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Haɗeja, Jihar Jigawa.