Jirgin Ƙasa: Yadda Aka Ba Da Kwangila Shi Ne Rabin Aikin

Duk lokacin da gwamnati ta yi alkawarin jirgin ƙasa, akwai tambayoyi uku da ya kamata ɗan kasuwa ya yi kafin ya yi murna: wa zai kawo kuɗin, wa zai gina, kuma wa zai riƙa gudanar da shi bayan an gama?

Hanya ta farko ita ce gwamnati ta ciwo bashi, ta danƙa wa kamfani guda zane da gini, ya gama ya miƙa mata makulli. Haka Habasha ta yi a Addis Ababa, inda kamfanin ƙasar Sin ya gina layin cikin gari a kan dala miliyan 475, aka buɗe shi a 2015. Haka ma Abuja, wadda kamfanin CCECC ya gina wa nata da bashin dala miliyan 500 daga Sin. Wannan hanya takan kai ga gini, amma duk nauyin yana wuyan gwamnati. An buɗe na Abuja a 2018, ya tsaya a 2020, bai sake motsi ba sai a 2024, alhali bashi ba ya tsayawa.

Hanya ta biyu ita ce ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa, ya gina, ya karɓi kuɗin tikiti na wasu shekaru, sannan ya mayar wa gwamnati. Abin da daɗin ji, sai dai tikiti kaɗai da wuya ya biya kuɗin gini. Ghana ta gwada wannan a 2019, ta ƙulla yarjejeniyar "Sky Train" na Accra da wasu masu jari na Afirka ta Kudu. Ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba, amma dala miliyan 2 ta fita daga asusun gwamnati, har maganar ta kai kotu a 2025.

To, me ya shafe mu a Savelugu, Salaga, Yendi da Bawku? Layin Tema zuwa Mpakadan, mai kilomita 97, wanda kamfanin Afcons ya gina da bashin Indiya aka ƙaddamar a 2024, shi ne matakin farko na hanyar da aka tsara za ta bi ta Yendi da Tamale zuwa Paga har Wagadugu. Ragowar kuwa ta hanya ta biyu aka yi niyyar ba da ita, kuma tun da Ghana ta dakatar da biyan bashinta na waje a 2022, ciwo sabon bashi ya yi wuya.

A nan ne 'yan kasuwa ke da bakin magana. Mai jari ba zai zo ba sai ya ga kaya, kayan kuwa su ne doya, masara, albasa da shanun da kuke lodi kullum. Saboda haka ƙungiyoyinku su nemi 'yan majalisarsu su bayyana musu sharuɗɗan kwangila tun kafin a sa hannu: nawa ne kuɗin dakon buhu, ina za a kafa tasha, wa zai sayi kayan gyara? Tun ran gini ran zane.