Duniyar da ake cewa an ɓoye: Mene ne ake gani a sararin Katsina?

Duk wanda ke zama a rumfunan masu sayar da waya da tura bidiyo a Babbar Kasuwar Katsina ya san yadda labari ke yawo daga wannan waya zuwa waccan. Ɗaya daga cikin waɗanda ba sa mutuwa shi ne na wata duniya da ake cewa Turawa sun ɓoye, wadda wai ana hango ta kusa da rana ko gefen wata, kuma tana tafe za ta yi karo da tamu.

Labarin ya girmi TikTok. A 1976 marubuci Zecharia Sitchin ya ce tsoffin rubuce-rubucen ƙasar Iraƙi sun ambaci wata duniya mai suna Nibiru, fassarar da masana waɗannan rubuce-rubuce suka ƙi amincewa da ita. A 1995 wata Ba'amurkiya, Nancy Lieder, ta fara yaɗa cewa wata duniya za ta gitta ta kusa da tamu, aka sa 2003. Da lokacin ya wuce lafiya aka mayar da shi 21 ga Disamban 2012, sannan 23 ga Satumban 2017. Duk ranakun sun zo sun wuce.

To me mutane ke gani? Galibi Zara ce, wadda Bahaushe ke kira matar wata. Bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske a sama, takan fito yamma bayan magariba, wani lokaci kuma gabas da asuba. Na biyu shi ne kyamarar waya: idan aka saita ta ga rana, hasken kan yi tsalle tsakanin gilasanta ya haifar da ɗigo mai kama da ƙwallo. Gwajin mai sauƙi ne, a karkata wayar, za a ga ɗigon ya bi ta. Na uku taurarin ɗan Adam ne, irin na Starlink, waɗanda kan jeru kamar carbi jim kaɗan bayan harba su.

Sai dai akwai ƙwayar gaskiya da masu jita-jita ke fakewa da ita. A Janairun 2016 masana biyu na jami'ar Caltech a Amurka, Konstantin Batygin da Michael Brown, suka ce yanayin tafiyar wasu ƙananan duwatsu da ke bayan Neptune na nuna akwai yiwuwar wata duniya ta tara, mai nauyin tamu kusan sau goma. Wannan hasashe ne na lissafi, ba wanda ya gan ta, wasu masanan ma suna jayayya. In har tana nan, nisanta ya ninka tsakaninmu da rana sau ɗaruruwa, kuma zagaye ɗaya zai ɗauke ta dubban shekaru. Abin da manyan na'urorin hangen nesa suka kasa kamawa, wayar hannu ba za ta kama shi ba.

Haka aka gano Neptune a 1846: lissafi ya nuna wurin, aka duba, aka gani, kowa ya tabbatar. Yanzu ido na kan cibiyar Vera Rubin da ke Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025. Sama kuwa ba ta da ƙofa da za a kulle. Da wata babbar duniya na dab da mu, da makiyayi a Jibiya zai gan ta kamar yadda masani a Amurka zai gani.

Batun ya wuce abin dariya, domin tsoron abin da ke sama ya taɓa jawo asara a Arewa. A Janairun 2001, husufin wata ya haddasa tarzoma a Maiduguri, inda matasa suka far wa otal-otal da mashaya. Amma kafin kusufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya duhunta sassan jihar Katsina, an yi ta wayar da kan jama'a tun da wuri.

Akwai kuma batun ganin wata. Al'ummar da azuminta da sallarta suka rataya a kan shaidar ido, wadda Sarkin Musulmi ke sanarwa bayan tantancewa, tana da buƙatar mutanen da ke iya bambance jinjirin wata da Zara, da kuma ɗigon kyamara.

Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, ɗan ƙasar nan ne. Kafin a tura bidiyon gaba, tambayoyi uku sun isa: yaushe aka ɗauka, a ina, kuma wa ya gani da idonsa ban da mai wayar?