Sharhinmu: A Kafa Gasar Jefa Kibau ta Maza da Mata a Ƙasar Gumel

Kowace shekara ɗalibi da ɗaliba kuɗi ɗaya suke biya da sunan wasanni, amma in aka zo wajen morewa sai rabon ya zama na kura da akuya. Ana sayen ƙwallo da riguna da takalma, ana gyara fili, ana hayar mota a kai 'yan wasa wasu garuruwa, kuma kusan duk wannan hidima maza ake yi wa. 'Yan'uwanmu mata, musamman waɗanda suka fito daga gidajen da ba a yarda budurwa ta sa gajeren wando ta yi gudu a bainar jama'a ba, abin da ke kansu shi ne kallo daga nesa. Ba ma ganin laifin iyayen da suka hana. Laifin yana wuyanmu, mu da muka ɗauka cewa in ba ƙwallon ƙafa ba babu wasa a duniya.

Sabo da haka muke jawo hankalin Ƙungiyar Ɗalibai, da reshen 'yan ƙasar Gumel musamman, zuwa ga wani wasa da Turawa ke kira dats, watau jefa 'yan ƙananan kibau da hannu a kan wani faifai da aka rataya a bango. Tsakiyar faifan tana nisan mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuwa yana tsayawa mita 2.37 daga gare shi. An raba faifan gida 20, kowane gida da lambarsa, kuma akwai siraran zobba biyu: na baki yana ninka maki sau 2, na ciki sau 3. Ƙwayar tsakiya maki 50 ce. Kowa yana farawa da 501, yana jefa kibau 3 a kowane zagaye, ana ɗebe abin da ya ci, har wani ya riga kaiwa sifiri daidai, da sharaɗin kibiyarsa ta ƙarshe ta faɗa zoben ninki biyu ko ƙwayar tsakiya. Mafi yawan abin da kibau 3 za su ci shi ne 180. Wanda ya rage masa 170, alal misali, sai ya sami gidan 20 ninki uku har sau biyu, sa'an nan ya soki ƙwayar. Duk wannan lissafi a ka ake yinsa, ana tsaye, jama'a na kallo. Ɗan firamaren da ya yi wata guda yana rubuta maki a bakin allo ba zai sake jin tsoron ɗebewa ba.

Wasan ya daɗe a Ingila, amma bai zama gasar duniya ba sai a shekarun 1970. An fara gasar zakarun duniya a shekara ta 1978, wadda Leighton Rees, mutumin Wales, ya cinye. Mata sai da suka jira har 2001 kafin a ba su tasu, kuma Trina Gulliver ta Ingila ta ɗauki wannan kofi sau 10. A garin Asen na ƙasar Holan ana yin buɗaɗɗiyar gasa kowace shekara, wadda dubban mutane ke shiga, gwani da ɗan koyo, akwai rukunin maza akwai na mata. Abin da ya fi jan hankalinmu ya faru ne a London cikin watan Disamba na 2019, sa'ad da Fallon Sherrock ta shiga babbar gasar duniya wadda maza suka mamaye, ta kayar da Ted Evetts da ci 3 da 2, ta kuma bi Mensur Suljovic, wanda ke cikin manyan gwanayen lokacin, ta kayar da shi 3 da 1. Ba a rage mata nisa ba, ba a saukar mata da faifai ba. Kibiyar da nauyinta bai cika wuce giram 25 ba ba ta bukatar ƙwanji; natsuwa take so, da ido, da hannun da ba ya rawa. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan mata suna carafke a tsakar gida, suna cafe tsakuwa a bayan hannu ba tare da ɗaya ta faɗi ba, ya san ba a bar su a baya a wannan fanni ba.

Mun san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. A ƙasashen Turai wannan wasa a mashaya ya girma, kuma kamfanonin caca sun ɗauki nauyin manyan gasanninsa da dama. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu nemi a kawo mana ko ɗaya daga cikin biyun ba. Amma ƙwallon ƙafa ma ana caca a kansa fiye da kowane wasa, ba mu kuwa ji an ce a rufe filaye ba. Iya saiti abu ne da kakanninmu suka girmama tun zamanin baka da kwari, malamanmu kuma ba su taɓa ƙin koyon harbi ba. Batun cakuɗa maza da mata shi ma yana da magani a cikin wasan kansa. Da yake nisa ɗaya ne, faifai ɗaya, lissafi ɗaya, mata za su iya yin tasu gasar a zaurensu, cikin hijabinsu, alƙalansu da masu rubuta maki duk mata, amma a fito da sakamako a liƙa kusa da na maza, kowa ya ga wanda ya fi cin maki a kibau 3. Wasanni kaɗan ne ke ba da irin wannan dama.

Me ya sa muka ce ƙasar Gumel? Da fari dai, wuri ne mai zafin rana da rairayi, inda daga Maris zuwa Mayu ba mai hankalin da zai fita fili da azahar, wannan wasa kuwa ɗakin karatu guda ya ishe shi. Na biyu, masarautar ƙananan hukumomi 4 ce, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda ba su da nisa da juna, ga kuma Kwalejin Ilmi a cikin garin Gumel mai ɗalibai maza da mata da za su koya su kai makarantun ƙauye in sun fita koyarwa. Na uku shi ne iyaka. Kafin 1845 hedkwatar sarautar Gumel tana Tumbi ne, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Nijar, kuma har gobe kowace Alhamis mutanen Dungas da Magarya da Damagaram suna gangarowa kasuwar dabbobi ta Maigatari. An rufe wannan iyaka a 2019, aka buɗe a ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, amma zumunci bai yanke ba. In ɗaliban Jami'ar Damagaram suka amsa gayyata, gasarmu ta zama ta ƙasa da ƙasa ke nan, ba tare da an sayi tikitin jirgin sama ko ɗaya ba.

Muna kira ga Majalisar Ɗalibai da babbar murya da ta ware wani kaso daga kuɗin wasanni na bana ta sayi faifai 8, a rataya rabi a ɗakunan kwanan mata, rabi a na maza, a kuma naɗa mace mataimakiyar Sakataren Wasanni don ta kula da nasu. Reshen 'yan Gumel shi kuma ya nemi izinin fada da na shugabannin ƙananan hukumomin nan 4, a yi zagayen share fage a Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel a lokacin dogon hutu, a yi na ƙarshe a Maigatari ranar Laraba, jajibirin kasuwa, lokacin da baƙin Nijar suka riga suka sauka a gari.