Tsargiya: magani ba na ƴan lakkol kaɗai ba ne

Ƴan'uwa manoma da masunta, tun shekarar 2004 ƙasarmu Nijar ta soma rabon maganin tsargiya kyauta. Amma har yau akwai yara masu fitsarin jini a bakin kogin Isa, da bakin tabkuna, da wuraren noman rani. Me ya sa?

Mai tsargiya in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsa yake zubarwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙaramar katantanwa. Bayan kamar wata ɗaya, ƙananan tsutsotsi masu ɗimbin yawa su fito, su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai dashen shinkafa. A jikin mutum tsutsar takan yi shekara 3 zuwa 5 tana ƙwai.

Masana sun mai da wannan zagaye lissafi. A 1965 wani likita ɗan Ingila, George Macdonald, ya auna shi da alƙaluma. Na bayansa suka ci gaba da kwamfuta: mutum nawa ke da cutar, nawa suka sha magani, sau nawa ake shiga ruwa. Lissafin ya nuna rabo ɗaya yana rage cutar sosai, amma in aka tsaya sai ta dawo. Maganin, wato farazikantel, yana kashe tsutsar da ke jiki, ba ya taɓa katantanwar da ke tabki. Ya kuma nuna inda manya da yawa ke ɗauke da cutar, ba ƴan lakkol kaɗai magani bai isa ba.

Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce: inda mutum 10 cikin 100 ke da ita, a ba kowa magani kowace shekara, daga ɗan shekara 2 zuwa sama. Aƙalla 75 cikin 100 su sha.

A nan muke da magana. Magidanci yakan ce: "Ni na girma, fitsarina ya washe." Jinin ne ya ɓuya, tsutsa tana nan, tana ɓata mafitsara. Wanda ya ƙi sha bana ya ƙi baɗi, shi ke sake shuka cutar a ruwan da ƴaƴansa ke wanka. Almajirai da yaran kiwo ma ba su cikin aji, sau da yawa rabo kan wuce su.

Muna roƙon ma'aikatan lafiya su shawarci masu gari da limamai kafin su tsai da rana. Kada rabo ya zo bayan samari sun tafi cin rani. Ranar rabo kuma kowa ya ci abinci kafin ya sha, don maganin yakan sa jiri ga mai yunwa.