Kalmar "Haƙuri" Kaɗai Ba Ta Juya Majinyaci

Da ƙarfe biyu na dare wayata take kaɗawa. Sai in tashi in ratsa tsakar gida zuwa sashen yayana, wanda muke kira Hamma kamar yadda aka saba a nan Adamawa, in tarar matarsa, Adda, ta riga ta kunna tocila. Ni in riƙe kafaɗa da ƙugu, ita ta cusa matashi tsakanin gwiwoyinsa, mu mirgina shi daga dama zuwa hagu. Ƙarfe huɗu mu sake. Haka muka yi wata bakwai a gidanmu da ke Demsawo cikin Jimeta, har da Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40, ga shi an ɗauke wuta, sai mafici. Wanda ya daɗe kwance bai motsa ba, fatarsa takan mutu a inda ƙashi ya danne ta, ta zama gyambo, gyambon kuma yana iya kai dafi cikin jini.

A waɗannan watanni na ji kalmar "haƙuri" fiye da yadda na taɓa jin ta a rayuwata. Kowa ya shigo sai ya ce wa Adda, "Sai haƙuri, ladanki yana wurin Allah." Gaskiya suka faɗa, kuma da wannan gaskiyar muka rayu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura mun mayar da kalmar abin sallama: mu faɗe ta a bakin ƙofa, mu sa takalmi, mu bar mace ɗaya da nauyin da ya fi ƙarfin mutum biyar. Imanin da ya umarci mai jinya da haƙuri, shi ne ya umarci sauranmu da mu kama mata.

Hamma tela ne, yana da ɗan shago a kasuwar Jimeta da gona a wajen Girei. Shekara huɗu ke nan, lokacin kaka, yana dawowa daga gona a kan babur, akuya ta gifta masa, ya faɗi kansa ya bugi kwalta. Babu hular kwano a kansa. Waɗanda suka gani sun ce ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, har ya ce a ɗaga masa babur. Ya iso gida ya ce kansa na ciwo, ya yi amai sau biyu, ya kwanta. Muka ce gajiya ce. Da magariba aka tashe shi salla, bai tashi ba.

Daga baya likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarsa ya yi mini bayani. Jijiyar jini ce ta tsage a ƙarƙashin ƙoƙon kai, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum kan yi magana garau na wasu awanni kafin ya sume. Likitoci suna auna zurfin suma da wani ma'auni da aka ƙirƙiro a Glasgow a 1974, daga 3 zuwa 15. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Hamma yana kan 7 muka kai shi. Don haka ina roƙon mai karatu: duk wanda ya bugu a ka, sannan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jijjiga, ko jini da ruwa suna fita ta hanci ko kunne, a kai shi asibiti nan take, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Awannin da muka bar Hamma yana barci, har yau ina tuna su a cikin sujada.

An yi masa tiyata, Allah ya yi da sauran kwana. Makon farko harabar asibiti ba ta rabuwa da 'yan'uwa da abokan kasuwa, kwanukan abinci har ba wurin ajiyewa. Ranar da aka sallame mu unguwa ta cika da barka. Bayan wata biyu ƙafa ta ɗauke. Ban zargi kowa ba, kowa da abin da ya dame shi, kuma mu Hausawa mun saba da ciwon da ke da iyaka: ko a warke a yi barka, ko a rasu a yi ta'aziyya. Raunin ƙwaƙwalwa bai bi wannan tsari ba. Ranar sallama daga asibiti ita ce ranar da jinya ta gaskiya take farawa.

Wadda ta koya mana jinyar maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa Kirista 'yar Numan da ta yi ritaya daga aikin nas. Ita ta nuna mana juyawa bayan kowane awa biyu. Ita ta hana mu ba shi kunu yana kwance, ta ce a jingina shi zaune, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, domin abin da ya kuskure ya faɗa huhu yana jawo ciwon da ke kisa. Ta koya mini lanƙwasa masa gwiwa da yatsu safe da yamma don kada su ƙage. Idan ta gama takan ce, "Ina sa shi a addu'a a coci." Adda ta ce, "Mun gode, Mama, Allah ya saka." A Demsawo masallaci da coci ba su da nisa da juna, kuma a ɗakin Hamma na ga amfanin hakan da idona.

Cikin wata na takwas ya fara takawa da sanda. Mutane suka ce alhamdu lillahi, ya warke. Mu da ke cikin gida mun san wani sabon babi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hamma da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba ya koma yana jifa da kofi saboda shayi ya huce. Yakan tambayi abu ɗaya sau goma. Wata rana ya dubi 'yarsa ta fari ya rasa sunanta, yarinyar ta shige bayan gida ta yi ta kuka. Likita ya ce gaban ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, wurin da ke riƙe linzamin fushi da kunya da tsara al'amura. Masana sun daɗe da sanin haka, tun labarin Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka, wanda ƙarfe ya huda gaban kansa a 1848, ya rayu amma halinsa ya sauya. Sanin wannan ya sauƙaƙa wa Adda ƙwarai. Ta daina ɗaukar zagin a matsayin maganar mijinta, ta gane ciwon ne ke magana.

A waje kuwa sai aka fara raɗe-raɗi. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu aljanu, wasu suka ce sammu aka yi masa don kasuwarsa ta buɗe. Har an sami wanda ya ba mu shawarar mu ajiye maganin asibiti mu koma ga hayaƙi. Mun yi ruƙiyya, muna kuma yi har gobe, domin Alƙur'ani waraka ne. Amma Annabin da ya koya mana addu'a, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umarce mu da neman magani, shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Sau ɗaya maganin farfaɗiyar Hamma ya yanke kwana uku saboda albashina bai shigo ba, na ji kunyar tambayar kowa. Daren na uku ya faɗi yana jijjiga a gaban 'ya'yansa. Tun ranar na daina jin kunyar neman taimako. Ba a tsayar da irin wannan magani kwatsam, kuma idan jijjiga ta zo ba a cusa wa mutum cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe kawai a kawar da abin da zai ji masa rauni.

In aka tambaye ni abin da ya riƙe mu, zan ba da labarin wata asuba. Lokacin Hamma bai iya haɗa kalma uku ba. Ladan ya kira salla a masallacin layinmu, na kawo masa tiren yashi na kama hannuwansa na yi masa taimama. Na tayar da kabbara a gefen gadonsa, sai na ji murya tana bina. Fatiha ce, tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe, da irin karin da muka koya a makarantar allo muna yara. Mutumin da ya manta sunan 'yarsa bai manta wannan ba. Likitoci sun san cewa abin da aka haddace tun ƙuruciya yakan tsira ko da magana ta lalace. Na yarda da bayaninsu, na kuma ɗauke shi rahama. Adda tana bakin ƙofa da buta a hannu, hawaye na zuba, ta ce, "Yana nan. Hammanku yana nan."

Addini ya sauƙaƙa wa majinyaci: ya yi salla a zaune ko a kwance, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Malamanmu suna yawan kawo ƙissar Annabi Ayyuba da haƙurinsa. Ina so su riƙa ƙarawa da matar da ta tsaya masa tsawon jinyarsa, su kuma tambayi jama'a wa ke tsaya wa irinta a unguwarmu. Adda ta bar sana'arta ta ƙosai, ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinki ɗaya, bayanta ya riƙe saboda ɗagawa, ta shekara biyu ba ta je gidan iyayenta ba. Dubiya haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma ban san inda aka ce haƙƙin yana ƙarewa bayan mako biyu ba.

Ga abin da nake nema. Kwamitin kowane masallaci da kowace coci ya san gidajen da ke da majinyaci na dogon lokaci, a raba kwanaki: wannan ya zo ya yi wa namiji wanka da aski, waccan ta zauna awa uku don mai jinya ta yi barci. Masu fitar da zakka su tuna cewa kuɗin maganin wata guda ya fi buhun shinkafar da ake rabawa gaban kyamara amfani a irin wannan gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hukuma ma da nata. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan, Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa cibiyarta a Sakkwato, amma har yau likitocin wannan fanni ba su wadaci ƙasar ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola da Asibitin Ƙwararru a Jimeta. Abin da ya rage shi ne a kawo masu gashin ƙashi da masu koyar da magana kusa da jama'a, a ƙananan asibitocin unguwa, domin ɗora mutumin da rabin jikinsa ba ya aiki a Keke Napep sau biyu a mako ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 su fito daga takarda su iso ɗakin majinyaci. Mu kuma mu sa hular kwano. Tun 1 ga Janairu 2009 aka fara tilasta ta, muka yi wasa da abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari.

Yau Hamma yana zama a zaure da yamma, yana sa maɓalli a rigunan da yaron shagonsa ya kawo masa. Yakan ɗauki rabin awa a kan maɓalli ɗaya. Ranar Juma'a nakan riƙe hannunsa mu taka zuwa masallaci. Idan ka gan mu, ka tsaya ka gaishe shi da sunansa, ka jira ya amsa ko da ya daɗe. Sannan ka aika iyalinka su leƙa cikin gida su ce wa Adda sannu da jinya, su tambaye ta wace rana za su zo su karɓe ta.