Maganin Ƙwayoyin Wuya Ba Maganin Hawan Jini Ba Ne

A wannan fitowa muna so mu ja kunne a kan wata magana da ke yawo tsakanin masu jinya, wai akwai maganin da ake ba masu wankin ƙoda, wanda in mutum ya sha shi ya rabu da hawan jini ke nan. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari, ƙarin kuwa yana iya halaka mutum.

Ga asalin abin. A cikin wuyan ɗan Adam, bayan naman nan da in ya kumbura muke ce da shi maƙoƙo, akwai 'yan ƙwayoyin nama guda huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Likitoci suna kiransu faratairod. Wani ɗalibin likita na ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, shi ya bayyana su a jikin mutum cikin 1880. Aikinsu shi ne daidaita kalsiyam, watau sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. In suka zarce a aiki, sai su sa kalsiyam ya riƙa barin ƙashi yana shiga jini. Ƙashi ya yi rauni, tsakuwa ta taru a ƙoda, sa'an nan sau da yawa a tarad da jinin mai abin ya hau. Masu ciwon ƙoda wanda ya daɗe kuwa, nasu ƙwayoyin sukan girma su yi ta aiki ba hutu.

To, cikin 2004 aka yarda a Amurka a riƙa ba masu wankin ƙoda wani magani mai suna sinakalset, wanda za ku gani a kwali an rubuta Sensipar ko Mimpara. Shi yana rage wa ƙwayoyin nan zafin aiki ne. An gwada shi a kan masu wankin ƙoda 3,883 a ƙasashe da dama, aka fid da sakamako cikin 2012. Da masana suka koma suka duba awon jininsu, sai suka ga na waɗanda suka sha maganin ya fi sauka da kamar maki 2 kacal. Yanzu dai ku duba, mutumin da awonsa ya kai 170, alhali ana son ya sauka ƙasa da 140, me maki 2 za su tsinana masa? Wanda ya ajiye ƙwayarsa ta hawan jini domin wannan, ya buɗe wa shanyewar ɓarin jiki ƙofa.

Har wa yau maganin yana da haɗari ga wanda ba a rubuta masa ba. Yakan saukar da kalsiyam fiye da kima, mutum ya ji leɓɓansa da yatsunsa suna tsitsitsi, nama ya riƙa ɗaurewa, wani har ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Mai raunin zuciya kuwa, jininsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Domin haka ne likita ke auna jini a kai a kai.

Akwai kuma wata allura, Forteo, da aka fara ba masu raunin ƙashi cikin 2002, wadda aka ƙera bisa ruwan da ƙwayoyin nan ke fitarwa. Alluran farko sukan sa jini ya sauka in mutum ya miƙe tsaye, jiri ya ɗebe shi. Saboda haka a yi ta inda za a iya zama ko kwanciya, tsoho kuwa kada ya tashi farat ɗaya daga tabarma.

Abu na ƙarshe, ƙwayar nan ta hawan jini mai sa fitsari da muke kira bendro, ita takan ƙara kalsiyam cikin jini. Wanda aka ce ƙwayoyin wuyansa sun zarce, lalle ya gaya wa likita yana shanta, likita ne zai san ko a sake masa wata.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa, maganin da wani ya aiko daga Turai, ko wanda mamaci ya bari, kada a raba shi ga maƙwabta da sunan taimako. In za a tafi asibiti, a tattara duk kwalayen da mai ciwo ke sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.