Ƙaramin dam da mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa

Da misalin ƙarfe 1:30 na daren 6 ga Nuwamba, 1977, madatsar ruwa ta Kelly Barnes da ke jihar Jojiya a Amurka ta ɓalle bayan an kwana biyu ana tafka ruwan sama. Dam ne na jar ƙasa, tsayinsa kusan mita 12, mallakar wata kwalejin addinin Kirista mai suna Toccoa Falls. Ruwan ya gangaro daga kan dutse ya afka wa gidajen ɗalibai da ma'aikata suna barci da iyalansu. Mutum 39 suka rasu, da yawansu yara ƙanana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin dam ɗin. An fara gina shi a 1899 don samar da lantarki, daga baya aka yi ta ƙara masa ƙasa. A 1957 aka daina aikin wutar, tafkin ya koma wurin shaƙatawa kawai. Shekara ashirin ke nan ba ya kawo ko sisi, kuma abin da ba ya kawo kuɗi da wuya a kashe masa kuɗi. Itatuwa suka tsiro a jikinsa har suka girma. Mai wucewa zai ga inuwa da kyau, amma injiniya ya san saiwa tana huda ƙasa, in ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Ruwan yana tsiyaya a hankali, yana kwashe ƙasar daga ciki, alhali daga waje komai lafiya lau.

An taɓa ganin haka tun 1889 a jihar Fensilbaniya. Wata ƙungiyar attajirai, ciki har da Andrew Carnegie, ta mallaki dam ɗin South Fork don kamun kifi da hutawa. Suka rage tsayinsa domin kekunan doki su samu hanya, suka sa raga a bakin magudanar rarar ruwa don kada kifinsu ya tsere. Ranar 31 ga Mayu tarkace ya toshe ragar, ruwa ya haura ta sama, dam ɗin ya ɓalle, garin Johnstown da ke ƙasansa ya yi asarar rayuka sama da 2,200. Kotu ba ta sa ƙungiyar ta biya diyya ba.

Shi ya sa ba na yarda da maganar "ai ƙarami ne". Masana ba da girma kaɗai suke auna haɗarin dam ba, suna tambayar wa ke ƙasa da shi in ya fashe. Kuma wannan amsar tana canzawa: dam ɗin da aka gina a daji bana, bayan shekara goma sha biyar akwai unguwa da makarantar allo a kwarinsa, mai shi kuwa bai ƙara ko shebur ɗaya ba.

Mu da muka ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 da na Alau a 2024 ba sai an faɗa mana aikin ruwa ba. Waɗannan na gwamnati ne, kowa ya san da su. Damuwata tana kan waɗanda masu hali ke sa katafila ta tare musu rafi a gona ko gidan hutu, babu zanen injiniya, babu magudana ta kirki, babu sunansu a takardar kowace ma'aikata. Gonar tasa ce, ban musa ba. Amma in ruwan ya ɓalle, a ɗakin wani zai tsaya.

Bayan masifar Toccoa, Shugaba Jimmy Carter ya sa injiniyoyin soja suka duba dubban madatsun da ba na gwamnatin tarayya ba, jihar Jojiya kuma ta yi dokar tsaron madatsu a 1978. Hukumomin kogunanmu da ma'aikatun ruwa na jihohi su fara da ƙidaya: dam nawa ne a hannun mutane, gida nawa ne a ƙarƙashin kowanne. A tilasta wa mai shi sare itatuwa, toshe ramukan ɓera da gara, da share magudana kafin damina. A kuma ba mai unguwar da ke ƙasa lambar wayar wanda zai kira in ya ga ruwa mai laka yana fitowa daga gindin dam ɗin.